Ƙyauren Yaya Ruwan Zafi

Yayata ba ta da sauƙi, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. A gidan hayar da muke zaune ba mai kiran ta da sunan da iyayenmu suka raɗa mata, Ruwan Zafi kowa yake ce mata, har yaran da aka haifa a gabanta. Wasu sun ce don halinta ne, ita kuma ta ce don sana'arta ce, tunda a ɗakin wanki na babban asibiti take aiki, kullum tana tsakanin tururi da tafasasshen ruwa. Ni da muka fito ciki ɗaya na san duka biyun gaskiya ne. Ni ce ƙaramarmu, Auta take kira na har yau da furfura ta fara leƙo mini, kuma ɗinki nake yi a ɗakin da ke manne da nata.

Ta shiga wankin asibiti da sauran ƙuruciyarta, bayan rasuwar mijinta, da 'ya'ya biyu a hannu. Zannuwan gado take wankewa, da rigunan marasa lafiya, da korayen kayan ɗakin tiyata. Duk abin da mutum zai kawar da kai in ya gani, shi ake turo mata cikin kwando. Da wannan aikin ta yi wa yaran karatu har kowa ya kama gabansa, namijin yana aiki a wani gari, macen ta yi aure nesa. Bilic, sinadarin nan na wanki, ya cinye mata hannu, fatar yatsunta ta mutu, tana sauke tukunya daga wuta ba tsumma. In ta riƙe miki hannu sai ki ce soson ƙarfe aka goga miki. Ba ta taɓa ɓoye hannayen nan ba, in ana hira ma a kan gwiwa take baje su.

Gidanmu irin na jere ne, ɗakuna suna kallon juna, tsakar gida siririya, famfo ɗaya, da igiyar shanya da ake rikici a kanta tun kafin in tare. Ɗakin Yaya shi ne na ƙarshe a hannun hagu, dab da famfo. Ita ta yi masa siminti da kuɗinta, ita take masa fenti, ita ta toshe ramin ɓeraye da fasasshiyar kwalba. A ciki akwai gadon ƙarfe, da kabad mai gilashi cike da kwanukan da ba a cin abinci a cikinsu, da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, da hoton yaran a bango. Ta riga mai gidan na yanzu sanin ɗakin, domin a hannun mahaifinsa ta kama haya. Shi kuwa Baba Makulli muke ce masa, saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa, kafin ki gan shi kin ji shi. Yana da shagon kayan masarufi a ƙofar gida, daga nan yake ganin shigar kowa da fitar kowa. Yaya ba ta taɓa bari ya zo mata tambayar haya ba, ita take kai masa tun wata bai mutu ba.

Da annoba ta shigo aka kafa dokar kulle, sai gidan ya cika da mazan da ba mu saba gani da rana ba. Direba ya ajiye mota, mai aski ya rufe shago, ni ma kekena ya yi shiru, wa zai ɗinka sabon kaya alhali ba inda za shi? Yaya ce kaɗai take fita, motar asibiti ta ɗauke ta a bakin titi ta dawo da ita. Aikinsu ya ninka, har ta ce zannuwan ba sa gama hucewa daga guga ake zuwa kwasa.

Kuma ta kiyaye, wannan ko maƙiyinta ya shaida. A asibiti take tuɓe kayan aiki ta yi wanka, in ta dawo ta cire takalmi a bakin ƙofa ta tsoma a bokitin bilic, ta wanke hannu har gwiwar hannu, sannan ta shiga ɗaki. To, wannan tsabtar ce ta jawo mata. Mutanen gidanmu suka duba suka ce wanda bai ɗauko komai ba ai ba zai yi ta wanke-wanke haka ba. Direban da yake fita a ɓoye yana cakuɗa da jama'a a tasha, ya dawo bai ko ɗauraye hannu ba, shi ba wanda ya ji tsoronsa. Maman 'Yan Biyu, wadda Yaya ta kwana a kanta ranar naƙuda, ita ta fara janye yaranta in Yaya ta shigo. Daga nan aka ce kada ta taɓa famfo sai kowa ya gama ɗiba. Aka ce ta daina shanya a igiyar gida. Duk ta shanye, ta ɗaura tata igiyar a bayan taga, ni ce ma nake ta masifa kamar ni aka yi wa.

Sai ga Baba Makulli wata safiya, ya tsaya nesa da takunkumi a fuska, ya ce mata jama'ar gida sun kawo kuka, shi kuma ba zai zuba ido a kwaso masa cuta ba, ta nemi wani wuri kafin wata ya ƙare. Yaya ta tambaye shi ko tana riƙe masa da wani abu. Ya ce a'a. Ta tambaye shi ko ta yi faɗa da wani. Ya ce ba wannan ba ce maganar.

"To Baba, ba inda za ni," ta ce. "In ɗanka ya kwanta a asibitin nan, a kan wankina zai kwanta. Ka je ka yi tunani."

A lokacin kullum rediyo yana nanata cewa an hana korar ɗan haya har annoba ta wuce, ana kuma ba da lambar wata ƙungiya ta 'yan haya. Ni na matsa mata ta kira. Wata lauya ta ɗauka, ta saurare ta har ƙarshe, ta ce mai gida ba shi da ikon fitar da kowa sai da umarnin kotu, kotu kuwa ba ta ba da irin wannan umarnin yanzu. Ta ce za ta shigar da ƙorafin a ofishin kula da gidajen haya, amma abu ɗaya take roƙo, kada Yaya ta fitar da ko cokali, kada kuma ta koma kwana wani wuri, domin da ta yi haka za a ce da ƙafarta ta tashi. Yaya ta ce wannan mai sauƙi ne, zama ai ta iya.

Baba Makulli ma yana jin rediyo, ya san ba zai kore ta da baki ba. Sai ya bi hanyar da masu gidajen unguwarmu suka saba bi in suna son ɗaki: ba a ce miki fita, gyara ake zuwa yi. Yaya tana wurin aiki ya shigo da kafinta, ya buɗe ɗakin da makullinsa, ya ce gara ta ci ƙyauren, za a kai shi a gyara. Ƙyauren da in kin ƙwanƙwasa sai yatsanki ya yi zafi. Na fito na tare, na yi ta zazzaga, ban bar komai a cikina ba. Kafinta dai kansa a ƙasa, ya ce mini a hankali, "Yi haƙuri Auta, ni ma a gidansa na can nake haya." Suka ɓalle ƙyauren, aka jingine shi a bayan shago tsakanin buhunan shinkafa. Mutanen gida kowa ya leƙo ta labule ya koma.

Da yamma Yaya ta dawo. Ta cire takalmi, ta tsoma a bokiti, ta wanke hannu kamar kullum, sannan ta ɗaga kai ta dubi ɗakinta a wangame, gadonta da kwanukanta duk a idon duniya. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ce yau gidan nan zai kama da wuta. Na ce ta dawo ɗakina mu zauna tare kafin a ga abin da hali zai yi, ta ce abin da Baba Makulli yake jira ke nan. Na ce to bari in ɗinka mata labule mai kauri, ta ce in bar yadina.

Ta durƙusa ta jawo akwatin ƙarfen nan, ta fito da wani farin zanen gado. Asibiti yakan raba wa masu wanki tsofaffin zannuwan da suka fara lalacewa, wannan ya fi shekara goma a akwatinta, tun ba a san da wata annoba ba, ni kaina na sha kwana a kansa. Sai dai a tsakiyarsa akwai tambarin asibitin, shuɗi, ƙato, wanda ko makaho ya shafa zai ji. Ta ɗauko ƙusoshi da dutse ta kafe shi a bakin ƙofa, ta juya tambarin yana kallon tsakar gida. Ta ja baya ta dube shi, ta gyara gefe ɗaya da ya karkace, ta shiga ta ɗora shayi.

Washegari da ta fita, Baba Makulli ya kawo 'yan dako biyu, majiya ƙarfi, wai tunda ɗakin ba ƙyaure zai adana mata kayanta kada a sace. Suka taho da baro har bakin ɗaki, na gaba ya miƙa hannu zai yaye zanen, sai idonsa ya faɗa kan tambarin. Ya tsaya cak. Ya waiwayo ya tambaye ni, ina zaune a bakin ƙofata ina warware wata tsohuwar riga, wannan na wane asibiti ne. Na gaya masa. Ya ce daga wane ɓangare aka ɗauko shi. Na ce wallahi ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa, ni dai na san mai ɗakin ita take wanke zannuwan waɗanda aka killace. Ai kafin in rufe baki baro ya juya. Baba Makulli ya bi su yana cewa zai ƙara musu, ɗayan ya ce masa ya shiga da kansa ya miƙo musu kayan ta taga, su za su karɓa. Bai shiga ba. Na yi dariya har da hawaye, rabona da dariya tun kafin kulle.

Haka zanen nan ya tsare ɗakin fiye da katako. Ko yara ba sa bi ta gabansa, kaza ce kaɗai ba ta san tambari ba. Amma kada in yi ƙarya in ce zaman daɗi ta yi. Damina ta sauka, ruwa yana feso mata har gado, ta ja gadon ta kai lungu. Sauro ya samu gidan ubansa. In za ta sa kaya sai ta raɓe bayan kabad. In ta yi tari irin na kowa, gidan gaba ɗaya sai ya yi tsit ana saurare. Ta rame, idanunta suka faɗa, duk da haka kullum da safe sai ta share bakin ƙofarta ta yayyafa ruwa, ta fita da kai a sama. Ɗanta ya yi ta waya yana cewa ta bar musu gidansu zai nema mata wani, ta ce ya riƙe kuɗinsa, ba wurin zama ta rasa ba.

Ana cikin haka aka sanar da tallafin haya. Gwamnati za ta biya wa waɗanda kulle ya hana sana'a, kuɗin kuma hannun mai gida za su shiga kai tsaye. Gidanmu kowa ya cancanta in ban da Yaya da take aikinta. Murna ta kaure, Baba Makulli har da raba wa yara alewa. Sai da ya je ofishin kula da gidajen haya aka gaya masa gidan da ke da ƙorafin kora a kansa ba ya samun komai, sai jami'a ta zo ta gani da idonta an gyara, mai ƙorafin kuma ta ce ta janye. Aka sa ranar zuwanta.

Wata rana da hantsi kafin zuwan jami'ar, ranar hutun Yaya, sai ga kafinta da ƙyaure a ka, wai an gama gyara. Yaya tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince shinkafa. Ta ce ya mayar inda ya ɗauko. Ya ce Baba ne ya aiko shi. Ta ce ta sani, shi ya sa ta ce ya mayar.

Nan fa gida ya rikice. Waɗanda suka yi wata da watanni ba su amsa gaisuwarta ba suka fara sallama a bakin zane, daga nesa dai. Mai aski ya zo, direba ya zo yana ta sosa ƙeya. Maman 'Yan Biyu ta zo da kuka, ta ce bashin haya ya taru musu, in tallafin nan ya wuce su, ranar da aka ɗage dokar hana kora su ne farkon fita. Yaya ta saurari kowa, ta ce ta ji. Ni ma na shiga na same ta, raina a ɓace, domin ni ma ina cikin masu jira. Na ce Yaya kin ci nasara, ƙyaure ya dawo, me kuma kike nema, so kike mu duka mu kwana a titi saboda zuciyarki?

Ta ajiye tiren shinkafar ta dube ni. "Auta, ba zan bari a fitar da ke ba, ba zan bari a fitar da 'yan biyu ba. Amma da rana tsaka aka tsiraita ni a gidan nan, kowa yana kallo. In aka lallaɓo aka mayar kamar ba a yi komai ba, gobe naki za a cire. Wanda ya sa aka ɗauke, shi zai ɗauko da kansa, ya shigo ɗakin nan da yake gudu, ya riƙe a kafa."

Na kai saƙon, har da ƙarin gishiri. Baba Makulli ya ce shi da girmansa ba zai yi dako ba. Ya aiko da sabulu da sukari, ta mayar. Ya aiko wani dattijon unguwa, ta ba shi kujera da ruwa, ta saurare shi da ladabi, ta raka shi da maganarta ta farko. A cikin kwanakin nan ne ta dawo daga aiki wata rana ta ce mini abokiyar ninkinta ta rasu. Zanen gado mutum biyu suke ninke shi, kowa ya kama gefe, su taho su haɗu a tsakiya, kuma da matar nan suke yi tun Yaya tana sabuwar zuwa. Cutar ce ta ɗauke ta, ba a ma bari sun ga gawar ba. Ta faɗa mini tana tsaye tana wanke hannu, idon mutanen gida a kanta, sannan ta tambaye ni ko ina da ragowar gishiri. Na ji tsoro a ranar, na ce a raina matar nan ta zama dutse.

Ranar da jami'a za ta zo, tun da safe kowa ya fito tsakar gida ya yi jugum. Rana ta ɗaga, ba motsi. Maman 'Yan Biyu ta fara sharar hawaye. Can sai muka ji ƙarar makullai. Baba Makulli ne, ƙyaure a gadon baya, ya sunkuya, hularsa ta karkace, takunkumi biyu a fuska, kafinta yana biye da shi da guduma. Ba wanda ya yi dariya, ko ni. Ya sauke a bakin ɗakin yana haki.

Yaya ta miƙe ta ciro ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta sauke zanen ta rataya a kafaɗa. Ta matsa gefe ta ce, "Bismillah Baba, shigo. Ɗakin ba ya cizo."

Ya daɗe yana kallon dokin ƙofar kafin ya ɗaga ƙafa. Ya shiga, ya tallafi ƙyauren ta ciki, kafinta ya durƙusa yana ɗaurawa. Ban taɓa ganin kafinta mai nawa irin na ranar ba. Ya gwada, ya ce bai zauna ba, a ɗaga sama kaɗan. Ya sake gwadawa, ya ce a sauke kaɗan. Ƙusa ta faɗi, ya tsaya nema. Gumi yana ta zuba daga goshin Baba Makulli, idonsa yana yawo a ɗakin, kan gadon da aka ja lungu, da bangon da ruwa ya ɓata, da kwanon da aka tara wa feshi. Da aka gama ya fito, bai dubi kowa ba, ya ce a hankali, "A yi haƙuri." Yaya ta ce Allah ya ba mu haƙuri gaba ɗaya.

Jami'ar ta iso kafin azahar, ta duba ɗakuna, ta buɗe ƙyauren ta rufe, ta tambayi Yaya ko ta janye ƙorafinta. Yaya ta ce ta janye saboda maƙwabta, amma lambar ƙungiyar tana nan a wayarta, duk wanda aka zo yi wa irin wannan gyaran a gidan nan ita za ta kira. Jami'ar ta ce haka ake so. Tana fita gida ya ɓarke da godiya, Maman 'Yan Biyu ta taho da gudu har ta manta da tazara, tana Yaya kin cece mu, Yaya ki yafe mana.

Yaya kuwa ta juya. Ta shiga ɗakinta, ta turo ƙyauren, muka ji ta zura sakata. Na je zan ƙwanƙwasa in ce ta buɗe mu yi murna, hannuna yana sama na ji sautin. Kuka take yi, irin wanda ake toshe baki da matashi amma ya fi ƙarfin matashin, tana kiran sunan abokiyar ninkinta. Ashe duk watannin nan ba dutse ta zama ba, wurin da za ta yi kuka ba a gan ta ba ne ba ta da shi. Zuciyata ta karye, na ji haushin gidan nan gaba ɗaya ya taso mini sabo.

Na juya na kori kowa, na ce kowa ya koma ɗakinsa, ba kallo ake ba. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna, na jingina bayana da ƙyauren, har ta gama.